Na Kai Annabi Shaida, Ya Kashe Min Shari'a

Jiya tun da safe nake tsaye a ƙofar gari, inda dattawanmu masu ƙiba suke zaman shari'a, har rana ta dafa min ƙeya. Ni Hogla, matar marigayi Zabdi, ko baƙi ɗaya na karatu ban sani ba, amma na san inda mijina ya kafa dutsen iyakar gonarmu. Wani babban bawan fada, Allah ya ƙara wa tumbinsa albarka, ya sa an matsar da dutsen. Itatuwan zaitun ɗina mafi 'ya'ya suka wayi gari a cikin gonarsa. Da man zaitun ɗin nan nake ci.

Doka ta ce shaidu biyu. Maƙwabcina Yoram ya yarda. Na biyun kuwa annabin nan ne da kuka sani, mai yawo ba takalmi cikin tsummoki yana kuka don gari ya lalace. A gabansa aka mirgina dutsen, yana zaune gindin ɓaure yana sharar hawaye.

Maƙwabciyata Tirza ta ce, "Iya, kar ki kai shi. Mutumin nan ko gaisuwa ka yi masa sai ya hango maka kango."

Na ce, "Ke dai kina tsoron mai gaskiya."

Aka kira shi. Alƙali, uban adalci, wanda aka kai wa ɗan akuya shekaranjiya, ya ce, "Bawan Allah, me ka gani?"

Abin da nake so ya ce kawai: dutse, can, yanzu nan. Sai ya ɗaga hannu sama ya fashe da kuka. Wai ya duba ƙasar nan kaf bai sami mutumin kirki ko ɗaya ba. Wai ɗa yana sayar da uba, aboki yana haƙa wa aboki rami, maƙwabci ma ba abin yarda ba ne.

Na ja masa tsumma. "Malam, dutsen."

Ko juyowa bai yi ba.

Ku zo ku ga tsoron Allah. Dattawa suka yi ta gyaɗa kai. Babban bawan fada ya fi kowa kuka, har ya yage rigarsa, a kan ɗinki dai, yadda matarsa za ta iya mayarwa. Alƙali ya share ido ya ce tunda bawan Allah da bakinsa ya ce maƙwabci ba abin yarda ba ne, shi wane ne da zai karɓi shaidar Yoram? Saura shaida ɗaya, ita ma ba ta ambaci dutse ba. Aka sallame ni da addu'a.

Ban ce ƙarya yake yi ba. Gari ya ruɓe, ni ma ina da hanci. Amma mai yi wa ƙasa duka kuka ba ya ganin tsohuwa ɗaya da ke gabansa.

A hanya na tare shi na faɗa masa haka. Ya ce, "Ki yi haƙuri, uwata. Mayaƙa suna zuwa daga arewa, za su ƙwace gonar daga hannun azzalumin."

Na ce, "Su ba ni?"

Ya ce a'a, ƙonawa za su yi.

To, masu karatu, wanda ya san wani annabi mai ƙaramin baƙin ciki, daidai girman gona ɗaya, ya turo min shi kafin zaitun ya nuna.