Rasuwar Gwaggo Mai Zif, Durowar da Ta Tona Mini Asiri

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani takaici da har yanzu bai sake ni ba, nake sanar da 'yan uwa, maƙwabta da abokan arziki rasuwar durowar yadinmu, wadda yara suke kira Gwaggo Mai Zif. Ta cika ranar Asabar da misalin ƙarfe huɗu na yamma, yau kwana goma sha ɗaya ke nan, a kusurwar ɗakin kwananmu, tsakanin gado da taga. Shekararta huɗu da wata biyu a hannunmu. Kuma ba ta tafi ita kaɗai ba, sai da ta haɗa da mutuncina.

Marigayiyar ta shigo gidan nan ne a cikin kwali, wata guda bayan rasuwar Innarmu. A lokacin durowar katako ta cika ta batse, akwatunan ƙarƙashin gado sun daina rufuwa, ga yara suna girma kamar ana hura su, ga kasona na kayan Inna ya iso a ƙunshi biyu. Ɗakin haya ne, ba wurin da za a kafa wata durowar katako. Sai baban yara ya ce in je in duba irin ta yadi, mai sandunan ƙarfe, wadda ake harhaɗawa a warware in za a tashi.

Tunda mai rufa mini asiri ta mutu, bari in faɗi abin da ban faɗa wa baban yara ba a ranar. A cikin kayan Inna akwai wani zane shuɗi, tsohuwar atamfa da ta sha wanki har ta yi laushi, da 'yar ƙunar dutsen guga a bakinsa. Shi take ɗaurawa a jinyarta ta ƙarshe. A gabana ta ce, "Zanen nan na Auta ne." Auta ƙanwata ce, ita ta yi jinyar Inna wata bakwai, ni kuwa sai ƙarshen mako nake leƙawa saboda aiki. Ranar da ake kwashe kaya na naɗe zanen na cusa a jakata. Da Auta ta neme shi na taya ta nema, har da ɗaga katifa. Daga baya na ce mata ya bi hargitsin jama'a. Na ce wa raina ita ta samu wata bakwai da Inna, ni me na samu? Ban ce hujja ce mai kyau ba, amma ita nake da ita.

Saboda haka da na isa shago, ba wurin rataye kaya kaɗai nake nema ba. Mai shagon ya nuna mini kala uku. Ta farko tana da taga ta roba a gaba, ana hango komai na ciki, na ce Allah ya kiyaye. Ta biyu labule ne kawai, iska ma tana iya ɗaga shi. Ta uku ita ce marigayiya: ruwan toka, yadi mai kauri, hawa huɗu a gefe, sandar rataya a tsakiya, ga zif tun daga sama har ƙasa. Mai shago ya daki kwalin ya ce, "Hajiya, wannan ko buhun siminti kika rataya mata ba za ta ce uffan ba." Ban tambaye shi kaurin ƙarfenta ba, ban duba mahaɗan robar da ke riƙe sandunan ba. Tambaya ɗaya na yi, "Ana ganin abin da ke ciki?" Ya ce, "Ko da tocila." Nan take na ce a ɗaure mini ita.

Baban yara ne ya karɓi haihuwarta, a tsakiyar falo. Takardar bayanin da ta zo da ita ya mai da ita mafici, wai shi da ya taɓa kwance injin babur ya mayar, ba durowar tsumma ce za ta koya masa aiki ba. Awa uku yana fama, yana zufa, yana harara duk wanda ya yi tari. Da ya gama, Gwaggo ta miƙe tsaye cas, sai ga sanda ɗaya doguwa ta rage a ƙasa. Na ce, "Wannan fa?" Ya juya ta, ya leƙa cikinta, ya ce, "Gyara ce suka yi mana." Tun daga ranar sandar nan take tokare tagar kicin.

Dole a faɗi alherin mamaci, ko da haƙora a cije. Marigayiya mai haƙuri ce. Ta ɗauki rigunan sanyin yara, da labulen tsohon gidanmu da ba ya shiga kowace taga a nan, da manyan rigunan baban yara na zamanin da ba shi da tumbi, waɗanda ya rantse zai sake sawa. Ta ɗauki barguna uku a ka. Ta ɗauki dogayen rigunana da suka matse, da takalman da suka rasa 'yan uwansu, da jakar da nake tara jakunkuna a ciki. Ƙura ba ta taɓa shigar mata ba, kyankyaso bai taɓa kwana a cikinta ba. Baƙo in ya leƙo, sai ya ga ɗaki tsaf, ya ce kai, matar gidan nan akwai tsari. A hawa na can sama kuwa, bayan barguna, cikin tsohuwar rigar filo, zanen Inna yana kwance. In gida ya yi shiru nakan ja zif, ta ce zuuut a hankali, in sa hanci in shaƙi ƙamshin Inna, in mayar. Shekara huɗu muna haka da ita, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Na yarda da ita fiye da yadda na yarda da wasu masu rai.

Ciwon ajali ya faro ne daga bara. Da farko ta ɗan karkata hagu, muka ce ƙasan ɗakin ne ba daidai ba, muka cusa mata kwali a ƙafa. Sai ta fara magana: in an rataya riga ta ce ƙiii, in an cire ta ce ƙyas. Wani mahaɗin roba ya tsage, baban yara ya naɗe shi da salatif. Sandar rataya ta lanƙwashe a tsaka, hangogi suka riƙa gangarowa suna taruwa wuri ɗaya. Zif ya zubar da haƙora biyu, na shafa masa kyandir. Da ta fara sunkuyowa gaba, na kafa ƙusa a bango na ɗaure ta da tsohon mayafi. Wace jinya ce ban yi mata ba? Ko sau ɗaya ban ce zan kai ta bola ba, alhali maƙwabciyata ta yar da tata tun tana shekara biyu.

Ga yadda ta saka mini. Ranar Asabar ɗin Auta ta zo aron mayafi, za ta taron iyaye a makarantar 'yarta. Muna zaune a bakin gado muna hira, tana ba ni labarin mai gidan hayarsu ina dariya har da hawaye. Na tashi da kaina don kada ta taɓa Gwaggo, domin ba na barin kowa ya buɗe ta. Na kama zif na ja. Ya tsaya a rabi. Na ƙara ja da ɗan ƙarfi. Sai na ji ɓas daga baya, ƙusa ta fita daga bango. Gwaggo ta ce ƙiiiii, doguwa, irin wadda ban taɓa ji ba, ta sunkuyo, na yi tsalle gefe, ta zube rijif.

Wallahi da a nan ta tsaya da na yafe mata. Kowa yana faɗuwa. Amma sai ta buɗe ciki ta amayar da komai: labule, barguna, rigunan baban yara, takalma. Auta tana riƙe ciki don dariya tana cewa, "Yaya, duk wannan a ciki? Ai kin kashe baiwar Allah!" Abu na ƙarshe da ya fito shi ne rigar filon nan. Ɗakin da faɗinsa, ga bayan ƙofa, ga ƙarƙashin gado, duk ba ta ga wurin jefa ta ba sai kan ƙafar Auta. Bakin rigar filon ya buɗe, shuɗin ya leƙo, da ƙunar gugar a sama kamar da gangan.

Dariyar Auta ta ɗauke. Ta sunkuya ta zaro zanen, ta warware shi, ta kai hancinta, ta daɗe a haka. Ni kuwa ina tsaye da kan zif a hannuna, don ya tsinko ya biyo ni. Na jira ta zage ni, da na ji sauƙi. Sai ta ce, "Yaya, ashe yana nan." Ta ninke shi yadda Inna take ninke zane, gida huɗu, ta ajiye a kan gadona. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Shekara biyu ban gaida matar Yaya Babba ba saboda zanen nan. Kina kallo." Ta sa takalmi ta fita, ba zanen, ba mayafin.

Gaskiya ta faɗa. Matar babban wanmu ce Auta ta zarga da ɗauke zanen, ni kuma ina ji ina gani na yi shiru. Tun ranar na kira Auta sau ashirin da wani abu, wayar tana shiga ba a ɗauka. Na aika saƙo, alama ta nuna an karanta. 'Yarta da take yini a nan kowace Lahadi ba ta zo ba, yarana suna tambaya, ina ce musu mura take yi. Ga shi na fara wata sabuwar ƙaryar, kuma yanzu ba ni da inda zan ajiye ta.

Washegarin rasuwar, kafintan bakin layinmu ya zo duba gawa. Ya jera sandunan a ƙasa, ya ƙirga, ya sake ƙirgawa, ya ce, "Ina ta bayan? Akwai wata doguwa da take gicciye a baya, ita ce ƙashin bayanta." Baban yara ya dubi silin. Ni na dubi tagar kicin. Kafinta ya ce abin mamaki ba faɗuwarta ba ne, abin mamaki yadda ta yi shekara huɗu a tsaye babu ita, da kaya ninki biyu na abin da aka yi ta dominsa. Wai mu muka ci amanarta tun ranar farko. Na ji, kuma ban ce ƙarya ya yi ba. Amma ina tambaya: tunda ta iya daurewa shekara huɗu, minti biyar ne ya gagare ta? Ta bari Auta ta karɓi mayafi ta fita mana, sannan ta faɗo mini a ka in ta ga dama. An ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, na sani. Ban dai zaci da kuɗina zan sayo ranar in kawo ta ɗakina ba.

Marigayiya ta rasu ta bar sanduna goma sha tara, biyar a lanƙwashe. Mahaɗan roba goma sha biyu, masu lafiya a ciki ba su fi rabi ba. Hangogi talatin da suka zama marayu. Da tulin kaya a kan kujerar falo wanda har yau ba mu san inda za mu kai shi ba. Ta bar 'yar uwarta ta jini, sandar tagar kicin, wadda ba su taɓa zama tare ba. Ta bar baban yara, wanda tun ranar bai sake ambaton injin babur ba. Ta bar ni.

Masu tambaya ko za a yi mata magajiya, za a yi, don kaya ba za su dawwama a falo ba. Amma wannan karon zan ɗaga ƙarfen in ji nauyinsa, zan matsa mahaɗan da hannuna, za a karanta takarda daga farko har ƙarshe ko da za a ɓata da wani, kuma in sanda ta rage ba mai barci a gidan nan. Mai tagar robar nan zan ɗauko, wadda ake hango komai. Na gaji da mai zurfin cikin da zai fashe a gaban baƙi.

Za a fitar da marigayiya ranar Asabar mai zuwa da ƙarfe huɗu na yamma, daga ƙofar gidanmu. Sandunan za su bi mai sayen gwangwani, har da ta tagar kicin, a haɗa su ko a can su san juna. Yadin za a rufe babur ɗin baban yara da shi, ya sha rana da ruwa, ladan abin da ta yi. Ba a buƙatar kuka. Masu zuwa gaisuwa su zo da haƙuri, wurin zama ya yi ƙaranci.

Matar Yaya Babba ba sai ta zo ba, ni zan je har gida ranar Juma'a in faɗa mata da bakina, a gaban mijinta.

Kujera ɗaya na kwashe wa kaya, tana nan kusa da ƙofa, kada kowa ya zauna a kai. Zanen yana kanta, gida huɗu yadda aka bar shi. Ban wanke ba, ban sake kai hancina ba tun ranar, don sauran ƙamshin da ya rage ba nawa ba ne. Auta, na san kina karantawa, alama za ta nuna mini. Ba sai kin gaishe ni ba, ba sai kin zauna ba. Ki zo ki ɗauki abin da Inna ta ba ki. Mayafin ma na goge shi, yana ƙarƙashinsa.

Sanarwa daga yayarki, a madadin iyalan marigayiya.