Sharrin da Na Yi wa Sifikar Hagu

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na tara mutane a falona a Batsari, na miƙe tsaye ina yi musu lacca a kan sauti kamar wanda ya ƙera rediyo, aka tashi taron ina fatan ƙasa ta tsage in shige.

Bari in faro daga tushe. Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata, ya yi aiki a masaƙa a Kaduna yana saurayi. Da aikin ya ƙare ya dawo Babban Duhu ya kama noma, abin da ya taho da shi na alfahari shi ne kayan sautinsa: na'urar kaset, sifiku biyu na katako masu nauyin tsiya, da amfilifaya, wato na'urar ƙara ƙarfin sauti, mai farar fuska, da wasu allurai biyu a gabanta da ke rawa idan kiɗa na tashi. Ƙauye ba wuta, sai kayan suka yi shekaru lulluɓe da tsohon zani. Da ya ji na sa sola a gidana, ya aiko in zo in ɗauka.

"Ka riƙe mani su da kyau," in ji shi. "Ko shekarar da fari ya cinye mani gero ban sayar ba."

Ni kuwa tun ina ƙarami ina da ciwon son sanin yadda abu ke aiki (rediyon babanmu biyu na buɗe, babu wadda ta sake magana). Don haka da kayan suka shigo hannuna, sauraro kawai bai ishe ni ba. So nake in san me zai ƙara musu daɗi. Sai na nufi shagon abokina Nasiru tela, wanda ke ɗinki da kiɗa tun safe har yamma, kuma duk unguwarmu shi ne malami a wannan fanni.

"Mai albashi irin naka ba ya gyara komai a lokaci ɗaya," in ji Nasiru, allura a baki. "Fara da abin da ba a saye, wato wurin ajiye sifikun. Daga nan waya. Daga nan sifika. Amfilifaya ita ce ta ƙarshe, kuma irin ta kawunka ba a taɓa ta."

Na bi shawara. Na raba sifikun, na janye su daga jikin bango, na ɗora kowace a kan bulo, na dasa kujera a tsakiya. Na sa wani tsohon kaset na kukuma. Jama'a, sai ga muryar mawaƙin ta tsaya cak a tsakiyar ɗaki, kamar ya shimfiɗa buzu a gabana. Ban kashe ko sisi ba. Daga ranar na ɗauki kaina masani.

Haka na yi ta jin daɗina har bayan damina, lokacin da na lura mawaƙin ya fara matsawa. A hankali yake yi, kamar baƙon da ke gudun rana, har ya tare gaba ɗaya a sifikar dama. Ta hagu tana magana, amma can ƙasa-ƙasa, kamar an rufa mata bargo.

Gaskiya ban ji haushi ba da farko. Daɗi ma na ji, na samu abin bincike. Na sayo waya mai kauri ta jan ƙarfe na canza. Babu bambanci. Na ce to sifikar ce ta tsufa, amma kafin in saya sai na yi wata dabara da har yau nake yaba wa kaina: na musanya su, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta koma dama. Na zauna. Ɓangaren hagu dai shi ne a dushe. Ke nan sifiku ba su da laifi. Saura wa? Amfilifaya.

Akwai abu biyu da ya kamata su tsayar da ni a nan. Na farko, alluran nan biyu tare suke rawa, babu wadda ta fi wata tashi (na yanke hukuncin cewa tsufa ya sa su ƙarya). Na biyu, matata Hindatu. Akwai wani maɓalli da ke karkata sauti gefe guda, na murɗa shi hagu har mawaƙin ya dawo tsakiya. Tana shigowa da tire ta tsaya.

"Baban Amira, me ya kashe ta daman? Duk ƙarar daga hagu take fitowa."

Na yi murmushi irin na manya, na ce mata sauraro ilimi ne, sai kunne ya samu horo. Ni na faɗi wannan, da bakina.

Ban gaya wa Nasiru ba, don na san abin da zai ce. Na naɗe amfilifayar Kawu a bargo, na hau bas zuwa Katsina, na rungume ta a cinya kamar jariri. Wani mai sayar da tsofaffin kayan wuta ya jona ta, ya saurara, ya dube ni, ya ce me ke damunta? Na ce hagunta ya mutu. Ya sake saurara, ya ce, "Haka ne, Alhaji, ya mutu murus." (Ban taɓa zuwa Makka ba, kuma da na lura da saurin da ya tura ta ƙarƙashin tebur, da na yi tunani.) Na bar masa ita, na yi ciko da abin da na ware don sabon batirin sola, ya ba ni wata baƙa mai fitilu shuɗi da ja kamar motar amarya.

Na dawo, na jona, na zauna. Hagu a dushe.

Wani zai tsorata a nan. Ni sai abin ya ƙara ba ni sha'awa. Waya sabuwa, amfilifaya sabuwa, sifiku an wanke su daga zargi. Me ya rage? Ɗakin! Na dubi bangon hagu, sai ga masu laifi a fili: labule mai kauri, da kabet ɗin Hindatu cike da kwanuka da tangaran na aurenta. Su ke shanye mini sauti. Na cire labulen, duk mai wucewa ta lungu ya riƙa ganin abin da muke ci. Na ja kabet zuwa uwar ɗaka, kwanon tangaran ɗaya ya faɗi ya tarwatse. Hindatu ta tsince gutsattsarin ta zubar. A kwanakin ma na lura ta rage yi mini magana, na ɗauka fushin kwano ne.

Ana cikin haka Kawu ya kira, ya ce zai shigo Batsari ran kasuwa ya sayar da awaki, zai biyo ya ji kayansa kafin la'asar, don ba ya son yamma ta yi masa a hanya. Na roƙi Nasiru ya zo, a zuwan shaida, don in tabbatar wa Kawu cewa ba da wasa na rabu da amfilifayarsa ba.

Kawu ya shigo, muka gaisa, ya tambayi iyali da aiki, na tambayi gona da mutanen gida. Sai idonsa ya sauka kan baƙar na'urar tana ta ƙyaftu. Ya daɗe yana kallo.

"Ina tawa?"

Nan na miƙe. Na yi bayanin waya. Na yi bayanin musanyar sifiku, har da kwatance da hannu. Na yi bayanin yadda labule ke cin sauti, na ce yanzu zargina ya koma kan tagar hagu, ina tunanin kiran magini ya toshe ta. Nasiru ya riƙe haɓa. Hindatu na bakin ƙofa da kofunan kunun zaƙi. Na sa kaset, na zaunar da Kawu a kujerar tsakiya, na ce ya saurara da kyau.

Ya saurara. "Ni dai duk biyun nike ji daidai."

Na ce a raina, tsufa. Na zaunar da Nasiru.

"Mutumina, mawaƙin nan a tsakiya yake."

Na ce a raina, ƙarar keken ɗinki ta gama da shi. Na fusata, na shiga gabansu, na juya wa sifikun baya ina fuskantar su don in yi musu bayani dalla-dalla. Ina buɗe baki sai na tsaya. Wani abu ya canza. Sifikar da ke kusa da taga, wadda na yi wata da watanni ina yi wa sharri, tana rangaɗa kiɗa tar. Ɗayar ce ta dushe.

"Kun ji!" na yi ihu, da murnar wanda ya gano sabon abu. "Ya tashi daga waccan ya koma wannan!"

Na juya na fuskanci sifikun. Ciwon ya koma wajen taga. Na sake juyawa, ya sake tsallakawa. Ina tsakiyar falo ina juyi kamar ɗan rawa, kowa na kallona, sai a juyi na ban san nawa ba ƙafafuna suka tsaya da kansu. Duk inda na juya, ciwon yana hagu. Haguna.

Kawu ya ajiye kofi. "Ɗan nan, toshe kunnenka na dama."

Na sa yatsa. Duniya ta yi tsit, kamar na nutse a rijiya. Ina ganin bakin Nasiru na motsi, kafaɗunsa na girgiza. Na cire yatsan daidai lokacin da Hindatu ke cewa, "Wallahi Kawu na ɗauka gaba yake yi da ni. In zauna gefensa in yi ta magana, ko waiwayowa ba ya yi. Har Inna na kai wa ƙara."

Ashe har surukata ta san ina da matsala, ni kaɗai ne ban sani ba.

Washegari na je asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta haska kunnen, ta tambaye ni da me nake sosa shi. Na ce tsinken ashana da 'yar auduga. Ta ba ni maganin ɗigawa, na koma bayan 'yan kwanaki ta wanke da ruwan ɗumi a sirinji. Abin da ya fito ba zan kwatanta ba, don wataƙila kuna cin abinci, amma har da audugar da na daɗe ina mamakin inda ta shiga. (Na nemi in ƙara dubawa da kyau, ta ce Malam tashi akwai layi.) Ina fitowa ƙarar babura ta doke ni ta hagu har na yi tsalle.

Na koma Katsina da baƙar amfilifaya a cinya. Mutumin ya ce ai farar ba ta kwana ba, wasu dattawa daga wani ƙauye sun saya don masallacinsu, bai ma tambayi sunan garin ba. Haka na dawo da kayata, na wuce Babban Duhu na durƙusa gaban Kawu na faɗa masa. Na san abin ya yi masa ciwo, don ya kau da kai yana kallon rumbu. Can ya nisa.

"To, mi za a ce? Ta yi shekaru tana kiɗa, yanzu ta tuba tana kiran salla. Allah Ya ba mu irin ƙarshenta."

Na maida labule, na maida kabet, na sayo wa Hindatu kwano. Abin da na koya kuwa, duk mai son gyara kayan sauti da ɗan abin da ke hannunsa, kafin waya, kafin sifika, ya fara duba na'urori biyun da ke manne a kansa, sannan idan matarsa ta ce ga inda ƙara ke fitowa, ya yarda.

Sai dai akwai saura. Da kunnena ya buɗe, na zauna a kujerar tsakiya, sai na ji baƙar amfilifayar nan tana wani siririn shuuu, ba ya tsayawa. Na juya baya, na juya gaba, na toshe wannan kunne, na toshe wancan. Yana nan, da gaske, kuma a sifikar hagu. Na kira Hindatu na ce ta zo ta ji wani abu a hagu.

Ko leƙowa ba ta yi ba. Daga kicin ta ce, "Maganin ɗigawar yana kan taga."