Shafin Godiyar Sai-An-Zauna

Duk wanda bai san shugaban sashen tsare-tsare na kamfanin robobi ba, gaskiya an cuce shi. Mutum ne da Allah ya hore wa basira har ta yi masa yawa. Idan ƙwan fitila ya mutu a ofis, jahili sai ya taka kujera ya canza shi kawai. Shi kuwa sai ya gyara zaman tabarau, ya ɗaga kai ya ƙare wa ƙwan kallo, ya ce, "Wannan sai an zauna a kai." Shekara tara ke nan ana zama. Shi ya sa ma'aikata suka laƙaba masa Sai-An-Zauna, a bayan idonsa mana. A gabansa Yallaɓai ne.

Abu ɗaya ya tsaya masa a maƙoshi. Darakta zai yi ritaya, kuma manyan kamfanin sun ce ba mai hawa kujerar sai mai digiri na biyu a fannin gudanarwa, ko aƙalla mai takardar jami'a da ke nuna an amince da batun da zai yi bincike a kai. Gwanin namu ya riga ya gama darussan aji, da ƙyar da jiɓin goshi. Kundi ne ya rage. Jami'a ma ba ta nemi abu mai yawa ba tukuna, shafi uku kacal: ya faɗi abin da zai bincika, da dalili, da yadda zai yi. Ta ba shi wata uku. Washegarin cikar wa'adin kuma manyan kamfani za su zauna su zaɓi darakta.

Yana son kujerar nan, so na haƙiƙa. In ya zo wucewa ta ƙofar ofishin darakta sai ya rage tafiya, ya yi kamar yana gyara agogo, yana satar kallonta.

Sai ya tashi haiƙan. "Ƙananan ɗalibai ne ke faɗa wa rubutu kai tsaye," in ji shi. "Mu masana mun san shiri shi ne kashi casa'in na aiki." Ya fitar da keken ɗinkin matarsa baranda, ya mayar da ɗakin nata ɗakin nazari. Ya sa tebur, ya sa kujera mai juyawa. Ya sayo littattafai goma sha biyu masu kauri, ya jera su bisa tsayi, ko ledarsu bai ɓare ba don kada su yi datti. Sati biyu ya yi yana shawara da kansa a kan launin bangon kundin. Da komai ya kammala, ya zauna gaban kwamfuta. Farin shafi ya kalle shi, ya kalli farin shafi. Ya rubuta "Babi na Ɗaya", ya ƙara wa haruffan girma, ya rage, ya goge.

Ran nan ya aro kundin wani tsohon ɗalibi don ya ga yadda ake yi. Yana buɗewa ya ci karo da shafin godiya. Nan take zuciyarsa ta yi fari. Ashe a cikin bincike akwai wurin da ake jera mutane, wani sama da wani! Wannan ai sana'arsa ce.

Washegari ya tara ma'aikatan sashen, ya miƙe tsaye, ya dafa tebur da hannu biyu.

"Kundin da zan rubuta," ya ce, "zai zauna a ɗakin karatun jami'a shekara ɗari. Jikokin jikoki za su buɗe shi. Duk wanda sunansa ya shiga shafin godiya ya shiga tarihi. Wanda bai ga sunansa ba, ya tuhumi kansa."

Sakatarensa, wani dattijo da ya ga shigowar shugabanni biyar ya kuma ga fitar huɗu, shi aka ɗora wa buga sunayen. Yallaɓai ya rarraba godiyar aji-aji. Akwai "godiya ta musamman", akwai "godiya mai tarin yawa", can ƙasa kuma akwai "ba zan manta da su ba", wanda kowa ya san ma'ajiyar waɗanda aka yi fushi da su ce. Kullum da safe, kafin a taɓa aikin kamfani, sai a duba jerin. Direba ya yi lattin minti goma, ya faɗo daga shafi na biyu zuwa na shida. Mai kula da sito ya yaba sabon takalmin Yallaɓai, ya tsallake mutum tara. Wata ma'aikaciya ta yi dariya a wurin da ba na dariya ba, aka ja wa sunanta jan biro.

Abin haushin shi ne, wasu sun ɗauki abin da zafi. Manya da gemunsu suna laɓaɓowa teburin sakatare suna tambaya a hankali, "Baba, yau ina nake?"

Har gida abin ya kai. Surukarsa ta bugo waya tana son jin dalilin da aka sa ta ƙasa da maƙwabci. Matarsa kuwa ta karanta nata layin, ta ajiye takardar.

"Baban yara, ka ce na jure rashinka tsawon lokacin da kake rubutu. Yaushe aka yi haka? Kullum kana falo da rimot a hannu."

"Ba ki san harkar ilimi ba," ya ce, yana shan ƙamshi. "Mai hangen nesa tun kafin a wahala yake godiya."

"To. Ni dai kekena rana na dukansa."

Washegari ta sauka layi huɗu.

Ana saura sati ɗaya, sakatare ya yi ta maza. "Yallaɓai, Allah ya ba ka haƙuri. Shafi ukun nan da jami'a ta nema fa?"

Sai-An-Zauna ya yi murmushin tausayi. "Wanda ya rubuta shafi goma sha ɗaya na godiya, uku ne za su gagare shi? Sai an zauna a kai." Aka zauna ɗin kuwa, amma a kan ko mai gadi ya cancanci shiga.

Ranar ƙarshe ya saka kwat, ya fesa turare, ya nufi jami'a da fayil mai ƙyalli a hammata. Ɗalibai sun yi layi a ƙofar malamar da za ta duba aikinsa, kowa da takardunsa uku. Ya wuce su kamar bai gan su ba. Ofishin ɗan ƙuƙut ne, kundaye sun cinye kujerar baƙi, sai da ya kwashe su kafin ya sami wurin zama. Dakta 'yar siririya ce, ba ta kai shi shekaru ba, kuma sau uku tana aika masa saƙo bai amsa ba.

Ya ajiye fayil ɗin gabanta a hankali, kamar mai ajiye tiren ƙwai. Ta buɗe, ta karanta shafin farko, ta juya, ta sake juyawa, har ta kai ƙarshe. Ta ma leƙa bayan fayil ɗin.

"Malam, mutum nawa ne a nan?"

"Sittin da uku, Dakta," ya ce da fara'a. "Kuma an tantance su."

"Me za ka bincika?"

Ya gyara murya. "Gudanarwa, Dakta, kogi ce. Idan muka dubi tsari a matsayin ginshiƙi, sannan muka dubi ginshiƙi a matsayin..."

"A wane kamfani? Wace tambaya kake son amsawa? Wa za ka yi hira da shi?"

Gumi ya keto masa ta ƙarƙashin kwat. Tsoro ya kama shi, tsoro na gaske, irin wanda rabonsa da shi tun yana ɗan makaranta.

"Wannan," ya ce da ƙaramar murya, "sai an zauna a kai."

"An zauna wata uku. Ƙarfe huɗu ake rufe karɓa, yanzu huɗu saura kwata. Sai baɗi, Malam."

"Dakta, gobe manyan kamfani za su zauna! Takarda kawai za ki ba ni. Dubi shafin farko, ke ce ta biyu, daga iyayena sai ke."

Ta koma shafin. Ta karanta a fili inda ya gode mata saboda ɗawainiyar da ta sha wajen gyara babi biyar ɗin kundin, layi bayan layi. Ta jawo jan biro daga cikin kofi, ta ja layi a kan sunanta, miƙaƙƙe, ta rufe fayil ɗin ta tura masa.

"Wannan kaɗai na samu na gyara," ta ce. "In ka fita ka turo mini na gaba."