Rasuwar Tarun Bakin Kogin Papenoo

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, in har wannan shirun da ke ƙirjina sunansa ke nan, ni Teura nake sanar da rasuwar tarunmu na kamun ƙananan 'ya'yan kifin da muke kira ina'a, ranar Talata da hantsi, yana da shekara ashirin da shida.

Marigayin ya fara rayuwa a matsayin gidan sauron mahaifiyarmu, kafin ni da yayata Moeata mu ɗinke shi. Ya san 'ya'yan kifin nan tun suna kamar zare: kogi ya zubar da su teku, su yi watanni suna yawo a saman ruwa, su taru inda ruwan ya kwanta sumul, sannan su dawo gida tuli guda. Bai taɓa yin gardama ba. Maganarsa ɗaya ce, "shaaa", idan an ɗaga shi cike.

Aibinsa guda: sai da mutum biyu. Moeata ke riƙe hagu, ni dama. Tun da muka binne ta a watan Afrilu ban bar kowa ya taɓa gefenta ba.

Ranar Talata kifi ya shigo. Hinarava 'yar Moeata ta biyo ni har cikin ruwa. "Inna, ba ni nan in riƙe mana, ko sai na kawo takardar makaranta?" Na ce mata ta koma ta tsare bokiti. Na kafa turke, na ɗaure hagun a jiki. Ashe Moeata sassautawa take yi in igiyar ruwa ta taso, shekara da shekaru ban lura ba. Turke bai san wannan ba. Igiyar ruwa ta uku ta raba marigayin gida biyu. Na tsaya ina kallo, ban ji komai ba.

Ya bar bokiti biyu, rariya ɗaya, kaskon suya, da tsohuwa mai taurin kai.

Za a binne shi ranar Lahadi bayan an tashi daga coci, a bayan gida. Kada a kawo fure. Hinarava ta sayo sabon yadi daga birnin Papeete, ta ce kifi zai sake shigowa ƙarshen wata. Na ce mata ta zo. Ta tambaye ni wane gefe za ta riƙe. Na ba ta dama. Ni zan koma hagu, in koyi sassautawa.