Jan Takalmin Kulu da Motar da Ba Tawa Ba

Ba zan taɓa mantawa da Litinin ɗin da autata Kulu ta fara zuwa firamare ba, ko da tsufa ya kai ni inda zan manta sunan tuwo. Ni mutum ne mai baki, wannan ba sai na ɓoye muku ba. In na kama tarwaɗa a bakin dam ɗin Goronyo, kafin in iso gida ta zama kada. In na yi tari sau biyu, gobe za ka ji ni a wurin mai shayi ina ba da labarin yadda na leƙa lahira na dawo. Mutanen unguwarmu sun san ni, in na yi magana sai su raba ta goma su ɗauki kashi ɗaya su bar mini sauran. Shekara arba'in da 'yan kai ina wannan hali bai taɓa cutar da kowa ba, sai ran nan.

Sana'ata ɗinkin buhun albasa a sito ɗin Alhaji Sambo, kuma ni ke riƙe da makulli (na kan ce ni ne manaja, amma gaskiya basilla ce ofishina). Wanda bai san ƙasarmu a 'yan shekarun nan ba, bari in gaya masa abu guda. Da can mai arziki babbar riga yake zubawa ya fito ana gaishe shi. Tun da ɓarayin daji suka matsa wa ƙauyukanmu, suna ɗauke mutum sai an fanso shi, arziki ya koma abin ɓoyo kamar mugun ciwo. Alhaji Sambo, wanda albasarsa ke cika manyan motoci zuwa kudu, yawo yake da wata koɗaɗɗiyar riga a kan tsohon babur mai tari kamar ni. Farar motarsa kuwa tana can ƙuryar sito, an lulluɓe ta da tamfol, an jibga mata tsofaffin buhuna. Unguwa duka ta san tana nan. Babu mai faɗa. In baƙo ya tambaya, sai a ce injin ban ruwa ne da ya lalace.

To, da sallar da ta wuce kafin wannan, ƙanena da ke Sakkwato ya ba ni tsohuwar wayarsa mai hoto, ya koya mini sa abu a sitatus, inda duk mai lambarka zai gani. Ni kuwa babu wanda ba shi da lambata: direbobi, 'yan dako, dillalai, masu kawo albasa daga wajen Shinaka, har mutumin da muka haɗu sau ɗaya a kasuwa ya ce in ya samu jaki mai araha zai kira ni.

Da sassafe matata Luba ta yi wa Kulu wanka, ta sa mata kwalli, ta zura mata shuɗin yunifom da farin hijabi, ga bajon makaranta a ƙirji. Ni kuma na fito da nawa abin alfaharin: jan takalmi na gwanjo da na tsinto a kasuwar Goronyo, na goge shi da man gyaɗa har sai da na ga haƙorana a jikinsa. Yarinyar nan da ta sa shi, tafiya take tana kallon ƙafarta, sau biyu tana karo da turmi.

Na tsayar da ita a ƙofar gida na ɗauki hoto. Katangar da damina ta ci, wadda muka toshe da zana, ta fito fes, ta ma fi Kulu fitowa. Na matsar da ita. Akuya ta shigo. Na kori akuya, sai kwatar maƙwabta ta leƙo daga gefe. A lokacin kuwa na riga na ga hotunan da mutanen birni suka sa tun da asuba, 'ya'yansu a gaban motoci da furanni. Raina ya ce, Kulu ta fi su kyau, bango kawai suka fi ta. Sai na ji makullin sito yana mini nauyi a aljihu.

Sito ɗin a kan hanyar makaranta yake. Na buɗe, na ture buhuna, na yaye tamfol, na cire hulata na goge ƙura. Na buɗe ƙofar baya don haske ya shigo. Na ce Kulu ta ɗora hannu a marfin mota ta yi dariya. Ta yi dariyar da har yau ban ga irinta ba, giɓinta a waje.

Jama'a, hoto ya yi kyau. Komai ya fito: jan takalmi, sunan makaranta a bajo, har lambar mota. Na rubuta a ƙasa, “Gimbiyar gidana ta fara boko. Direba na jira.” Na tura, na mayar da tamfol, na kai ta aji, na koma kan basillata ina jin kaina kamar wanda ya gina asibiti.

Kwana biyu ina shan barka. Waɗanda suka san ni dariya suke, suna tambaya ko akuyar gidanmu ce direban. Ban tsaya na yi tunanin waɗanda ba su san ni ba.

Ran Laraba da hantsi ina cikin ɗinki waya ta yi ƙara, lamba a ɓoye. Muryar namiji ce, a natse, kamar mai gaishe da surukinsa.

“Alhaji, barka da arziki. Mun ga ɗiya ta shiga makaranta.”

Ni da sakarcina har na gyara murya irin ta alhazai, na ce madalla, wa ke magana?

“Takalman nan ja sun yi mata kyau. Sai dai direban naku shina da sakaci. Jiya da ƙahwa munka ga ta koma gida, ita kaɗai.”

Ya kashe.

Rabona da gudu tun ina saurayi da wani bijimi ya biyo ni a fadama, amma ran nan tumbina bai san lokacin da muka isa makaranta ba. Na shiga aji ba sallama, na ce wa malama uwar yarinya ba lafiya, na saɓa Kulu a kafaɗa. Duk wanda na wuce a hanya sai in ga kamar shi ne. Mai faci, mai rake, har tsohuwa mai ƙuli-ƙuli sai da na yi mata kallon tuhuma.

Luba ba ta da waya mai hoto, saboda haka sai a lokacin ta ga abin da na aikata. Na shirya wa ihu da zagi. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta daɗe tana kallon hoton, ta miƙo mini wayar da hannu biyu kamar mai ba baƙo ruwa, ta ce, “Mi ɗiyar nan tay yi maka?” Ta ja Kulu ɗaki ta sa sakata.

Daga nan sai wurin Alhaji, don lambar motarsa ma ta zaga duniya. Ya sa tabarau ya duba, ya cire, ya sake sawa. Da ya mare ni da na ji sauƙi.

“Shekara ukku unguwar ga duka ta kama bakinta, har yara ƙanana,” in ji shi. “Sai kai da nib ba makulli.”

Muka ɗunguma gidan mai unguwa. Dattijon ya saurara, ya ce babu wanda ya san mai kai wa mutanen daji labari, watakila muna sallah sahu ɗaya da shi. Tunda da baki da waya na ɗaga kaina, da baki da waya zan sauke. Bayan la'asar zan tsaya a ƙofar gidansa in faɗi ko ni wane ne, sannan in ɗauki wani hoton na gaskiya in sa inda na sa na farko.

Ban taɓa ganin majalisar nan ta cika haka ba, ko ranar rabon taki. Na miƙe, ni da in na fara magana sai an roƙe ni in yi shiru, da kyar na ce motar da aka gani ba tawa ba ce, ba ni da direba, ba ni da ko keke. Gidana zana ce ta tare shi. Akuya ɗaya ce a ciki, ita ma ta Luba ce. Takalmin gwanjo ne. Na ce duk wanda ya ji, ya taimaka ya kai labarin inda ya kamata ya kai.

Sai wani tsoho, Baba Ige, da kunnensa ba ya ji sosai, ya ɗaga kai ya ce, “To wa yat taɓa cewa kana da wani abu?”

Aka fashe da dariya, amma ba ta yi nisa ba ta mutu. Babu wanda ya tambayi motar ta wa ce. Alhaji na gefe cikin koɗaɗɗiyar rigarsa yana jan carbi, idonsa a ƙasa. Ni kuma ina bin fuskokin mutanen da na taso da su ɗaya bayan ɗaya, ina tambayar kaina wanne ne zai kai saƙon.

Na ɗauka kunya ta ƙare a nan. Ashe tana gida tana jirana.

Don hoto na biyu sai da aka cire wa Kulu yunifom aka sa mata tsohuwar rigarta mai faci. Wannan ba ta damu ba. Da aka zo kan takalmi ne ta zauna a ƙasa ta rungume ƙafafunta. Tun Litinin da shi take kwana. Ni da kaina na durƙusa na ɓamɓare yatsunta na zare shi, na tsayar da ita a gaban zanar nan da na guje wa, na tsuguna kusa da ita da buhu da basilla, na ba maƙwabcina waya. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni ta ce:

“Baba, in na yi dariya irin ta ran nan, ka ba ni takalmana?”

Na sha jin kunya a rayuwata. An taɓa kama ni da ƙaryar na je Makka a gaban mutumin da ya gan ni a kasuwar Rabah a watan. Amma duk waɗancan a fuska suka tsaya. Wannan ita ce ta shiga ciki ta zauna. Na rubuta a ƙasan hoton, “Wancan wasa ne. Ga gidana, ga ɗiyata, ga sana'ata.” Babu wanda ya yi mini barka.

Luba ta ce duk wannan bai ishe ta ba, ba za ta zauna tana ƙirga sawun yarinya daga gida zuwa aji ba. Aka yanke Kulu ta koma Sakkwato gidan ƙanena ta yi karatu a can. Alhaji kuma ya ce motar ba za ta ƙara mako a garin ba, za a kai ta birni a sayar. Duk da abin da na yi masa, shi ya aiko cewa tunda hanya ɗaya ce, a sa yarinyar da uwarta a ciki.

Ran Juma'a da safe farar motar ta tsaya a ƙofar gidana, a gaban zana, a gaban akuya. Direba ya yi ham. An mayar wa Kulu jan takalminta, ta fito da ƙullin kayanta, ta ga mota, ta ga mutum a gaban sitiyari. Ta juyo fuskarta kamar an kunna fitila.

“Baba, ashe gaskiya kah hwaɗi! Ga direba nan shina jira!”

A duk ƙaryar da na yi a duniya, ita kaɗai ce ta zama gaskiya, ita ce kuma ta tafi mini da ɗiya.

Har yau ba mu san wanda ya kira ba. Wasu sun ce mutanen daji ne, wasu sun ce wani ne kawai ya so ya koya mini hankali. Ba irin abin da ake gwadawa a gani ba ne. Luba ta dawo bayan mako guda, Kulu tana can, bana aji uku za ta shiga. Alhaji ya karɓi makullinsa ya bar mini basillata, na kuma gode.

Abin da na koya (tunda an ce dole mutum ya koyi wani abu) shi ne, in ƙarya ta kama ka, yi ta da baki a gaban waɗanda suka san ka, su raba ta goma. Hoto ba ya rabuwa. Wanda bai san ka ba gaba ɗaya yake ɗauka. Tarwaɗata har gobe kada take zama kafin in iso gida, wannan ba zan iya bari ba. Amma a watan da yara ke komawa makaranta, Luba ke riƙe wayar.

Kowace Juma'a bayan masallaci Kulu na kira ta wayar ƙanena. Takan ba ni labarin malamarsu, da cewa takalmin ya matse ta an ba wata. Kafin ta ajiye kuma sai ta tambaya yaushe direba zai maido ta gida.

Sai in ce, “Shina jira, Kulu.”

Ita kaɗai ce a duniya ba ta raba maganata goma.