Huhun Mai Faci

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, kunne a buɗe yake.

Wani mutum ne, mai facin taya. Shekara ashirin da ɗoriya yana rumfarsa a bakin titi, shi da injin iska da rabin duro cike da baƙin ruwa, inda yake tsoma tiyub ya nemi ɓula. A ganinsa, duk wani abu mai riƙe iska a duniya ya san halinsa ciki da bai.

Sai tari ya kama shi, irin busasshen nan mai girgiza mutum har hula ta faɗi. Kwana tara yana fama. Ran na goma yana cikin ɓamɓare taya daga rim, ya yi wani guda ɗaya, ya ji abu ya soke shi a haƙarƙarin dama. Ya saki ƙarfe ya dafe wurin.

Mai tayar, wani direban tanka, yana zaune a benci yana sakace. Ya dube shi ya ce ai haka ta faru da wani abokin aikinsu: tari ya karya masa haƙarƙari, ƙashin ya soki huhu, huhun ya sace, sai da likitoci suka zura masa roba a ƙirji. Ya faɗi haka, ya gangara tayarsa ba faci ya tafi, ya bar mai faci da magana.

To, da a ce huhu ya kumbura ko ya ruɓe aka ce, da mai faci ya bar wa masu shi. Amma sacewa aikinsa ce. Ya ɗauko gejin da yake auna iskar taya, ya kafa baki, ya hura iyakar ƙarfinsa. Allura ko motsi ba ta yi ba. Ya gwada gejin a tayar wani babur, allura ta tashi tsaye. Ya sake hurawa. Shiru.

Ya zauna a hankali, ya ce, "Ashe tun safe a kan rim nake tafiya."

Ya kira maƙwabcinsa mai walda, ya yi masa bayani. Mai walda ya jajanta, ya ce da ƙashin ƙarfe ne da yanzu an wuce wurin. Suka kwaɓa ruwan sabulu suka shafa a haƙarƙarin, suka zuba ido. Ba kumfa. Mai faci ya ce bai yi mamaki ba, ƙaramar ɓula munafuka ce, ba ta nuna kanta sai a cikin ruwa.

Ya tuɓe riga, ya miƙa wa mai walda alli, ya shiga rabin duron nan, gwiwa har haɓa. Ya ce duk inda ya ga kumfa ta fito ya zagaye wurin. Mai walda ya sauko da baƙin gilashinsa ya rufe ido, don shi da shi ya saba duba aiki mai muhimmanci.

Mai faci ya nutse. Da ya ɗago, mai walda ya ce ya ga kumfa, ta hanci take fita.

"Wannan bawul ne. Gefe za ka duba."

Ya sake nutsewa. Yana can ƙasa tarin da yake ta haɗiyewa tun ɗazu ya kufce masa. Duro ya ɗauki ɓulɓul kamar tukunya a kan wuta. Mai walda ya shiga aiki, bai tsaya ba sai da ya zagaye wuri bakwai: biyar a ƙirji, ɗaya a kafaɗa, ɗaya a bayan kunne.

Mai faci ya fito yana rawar ɗari, ya ƙirga. Ya ce tsakaninsa da Allah, tiyub mai ɓula bakwai ko na baƙo ne ba ya karɓa, cewa yake a sayo sabo. Ya yanko tsohuwar roba ya naɗe ƙirjinsa tamau don kada sauran iskar ta gudu. Numfashi ya soma yi masa wuya. Ya ce wa mai walda ka gani ko.

Ya rufe rumfa ya kama hanyar gida, yana tafe a gefen titi sannu sannu, yana kauce wa ramuka. Wanda ya gaishe shi sai ya ɗaga hannu, don ba ya son ɓarnar iska.

Matarsa na shanya ya shigo. Ya zauna a tabarma a miƙe kamar an dasa shi, ya soma gaya mata cikin raɗa wanda za a bar wa injin iska da wanda bai kamata a bar wa ko sifana ba. Ta saurara har ya gama, ta ɗauko mayafi, ta ce ya tashi su tafi asibiti. Ya tambaye ta me likita ya sani game da iska.

Ta ce, "Maigida, in tayar likita ta sace wurinka yake kawowa, bai taɓa yi mata allura ba. Kowa da kiwon da ya karɓe shi."

Ya tashi ya bi ta.

Likitar wata dattijuwa ce da ta ga abubuwa da yawa. Ta sa almakashi ta datse robar, mai faci ya ja numfashi har ciki ba da niyya ba. Ta dubi zanen alli ta tambayi na mene ne. Ya yi mata bayani dalla-dalla. Ta rubuta wani abu a takarda. Da ta kara abin saurare a bayansa ya ɗan saki rai, ya gaya wa matarsa ashe ta san aiki, su ma haka suke yi, sai dai su kunne suke karawa kai tsaye.

Aka yi masa hoton ƙirji. Likita ta liƙa shi a jikin fitila, ta bi haƙarƙarin ɗaya bayan ɗaya da bakin biro. Babu wanda ya karye, babu wanda ya tsage. Ta ce naman tsakaninsu ne ya gurɗe saboda tari, huhu kuwa cike yake da iska. Ta ce robar nan da ruwan duro sun fi tarin cutar da shi. Ta rubuta magani, ta ce ya daina haɗiye tari, in ya taso ya rungume matashi ya yi abinsa, in kuma numfashi ya soma gagararsa ya dawo ba jira.

Matar ta yi hamdala. Shi kuwa mai faci idonsa na kan hoton. Ya matsa kusa, ya nuna ɓangaren hagu.

"Likita, wannan ɗayan fa?"

"Shi ma huhu ne. Ai biyu ne."

"Duka biyun suna aiki?"

"Duka. Dare da rana."

Ya girgiza kai irin na wanda ya ga sakaci a motar babban mutum. Ya sake cire rigar da ya fara sawa, ya hau gadon duba marasa lafiya ya kwanta.

"Shekara hamsin ana hawa duka biyun, ba na ko-ta-kwana. Tunda na zo, likita, sauke ɗaya a ajiye min safaya."

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a nan da kan ɓera.