Mai Cafe Tubali da Ƙwallon Ba'amurke

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da na tashi kai wani yaron magina Amurka ba, ni da ko Yamai ban taɓa takawa ba. Lokacin ba a daɗe da samun mulkin kai ba, ina sabon mushe, wato malamin boko, a lakol ɗin Cadawa, da ƴar takardata da takalmi sau-ciki, ina ganin duk ƙasar nan ba wanda ya kai ni ido.

Ana nan sai aka turo mana wani saurayi Ba'amurke mai aikin rijiyoyi, muka laƙa mashi suna Dogo. Cikin kayansa akwai wata ƙwallo ta fata, doguwa, mai tsini gaba da baya. Da farko na ɗauka mota ce ta taka ta a hanya, har na yi mashi jaje. Ni kuwa Allah ya yi ni da son bin diddigi, in ban san kan abu ba ko tuwo ba ya yi mani daɗi. Na addabi bawan Allah da tambaya. Faransancinsa a karye, Hausarsa ba ta wuce gaisuwa ba, amma na tsinci abin da na tsinta. Wai a ƙasarsu jifar ƙwallon ake yi, kuma akwai wanda aikinsa shi ne ya cafe. In yaro yana da hannu, tun bai kai ko'ina ba manya ke zama suna gardamar abin da zai zama, kowa na cewa nasa ne, wanda kuwa ya fara gano shi, shi ne gwani. (Ya faɗi wasu abubuwa kan gudu da kayar da mutum, amma ni hankalina ya riga ya tsaya wurin gwanin nan.)

Kwana kaɗan, ina wucewa ta bayan kasuwa, na ga ana gina wata katanga. Wani saurayi mai suna Haru yana zaune bisa, ana jefa mashi tubali daga ƙasa. Ko kallo ba ya yi. Yana hira yake miƙa hannu ɗaya ya cafe, ya dasa cikin laka, ya ɗan bubbuga, ya ce, "Wani." Na tsaya na dubi tubalin nan da kyau, na ga ai ɗan'uwan ƙwallon Dogo ne. Na yi ta jira in ga ya yar da ko guda, har rana ta ƙone mani ƙeya, bai yar ba.

Da yamma na same shi. Na ce, "Haru, hannun nan naka ba na laka ba ne. Ka ba ni kanka kafin bikin ƙasa, Dogo ya gan ka gaban kumandan mai mulkin yankin nan, sai Amurka."

Ya ce, "Mushe, Amurkar nan ta wuce Kano?"

Na ce ta ɗan wuce.

Ubangidansa, Sarkin Magina, dattijo ne marar yawan magana. Ya ce, "Mushe, lokacin gini ne. Yaron nan ya yi shekaru yana kwaɓa ƙasa kafin in hau da shi bisa. In ya sauka, akwai masu jiran wurin." Na yi mashi wani murmushi irin na wanda ya yi lakol, na janye yaro.

Muka shiga horo a bayan aji, a ɓoye, don kada wani mushe ya gano shi ya ce nasa ne. Horon kuwa shi ne in jefa ya cafe. Na jefa sama, na jefa gefe, na sa ya rufe ido ɗaya, ina son in ga iyakar hannun nan, ban gani ba. Ban taɓa cewa ya ɗaga ƙafa ba. In na kishingiɗa kan tabarma sai in ga hotonmu a jarida, kuma ban san dalili ba, nawa kullum ya fi nasa girma.

Ranar biki kumandan ya zo daga Tasawa, aka shimfiɗa tabarmi, gari ya taru. Don wasan ƙwallon, Dogo ya raba manyan ƴan aji gida biyu (wasunsu an sa su lakol a makare, har gemu ya fara tsiro masu). Ba wanda ya ce in yi magana, amma na miƙe na gyara murya. Na ce jama'a su buɗe ido su dubi Haru, don nan gaba sai dai su ji shi a rediyo, kuma su tuna wanda ya gano shi.

Dogo ya ja da baya ya saki ƙwallo. Ta yi sama tana juyi, har na ce ta wuce. Haru yana tsaye inda na tsayar da shi, ya miƙa hannu ɗaya, caraf. Mata suka rangaɗa guɗa. Na ji kaina ya yi girma.

Dogo ya yi ta tsalle yana ihu, "Gudu, gudu!"

Haru ya duƙa cikin natsuwa, ya dasa ƙwallon a ƙasa tsini sama, ya ɗan bubbuga, ya miƙa hannu ya ce, "Wani."

Da na zauna na yi shiru, da abin ya tsaya nan. Ina, sai na ruga cikin fili na sure ƙwallon, wai zan nuna mashi yadda ake yi. Na manta Dogo ya ce duk mai riƙe da ita halal ne a kai shi ƙasa. Yaran kuwa ba su manta ba. Waɗannan su ne nake zanewa kullum safe a kan Faransanci. Na ga sun dubi juna, na ga fuskokinsu sun washe, sannan suka taso, har da waɗanda ya kamata a ce ɓangarena suke. Ina can ƙarƙashi, baki cike da rairayi, takalmi ɗaya ya yi nasa wuri, na ji babbansu ya raɗa mani a kunne cikin ladabi, "Doka ce, Mushe." Kumandan ya yi dariya har da hawaye, ya tambaya ko za a iya sakewa.

Dariyar gari ba ta dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Washegari na ɗingisa zuwa wurin Sarkin Magina in ba da haƙuri. Na tarar da wani yaro zaune a wurin Haru. Dattijon ya saurare ni har na gama, ya ce, "Zan karɓe shi, amma wanda na hau da shi a wurinsa ba zan sauke shi ba. Bai yi mani laifi ba."

Haka Haru ya koma ramin kwaɓa ƙasa. Na so ya zage ni, ko ya ɗauke kai in na zo wucewa, da na samu sauƙi. Amma kullum safe sai ya ɗago, laka har gwiwa, ya ce, "Mushe, an tashi lafiya? Ya ƙugun?" Kunya ta sa na sake hanya, na riƙa zagayawa ta bayan maƙabarta.

Tun daga nan, in na ga yaro da wata baiwa, sai in ce tubarkalla in kama gabana. In kuwa bakina ya matsa sai na yi duba, nakan fara tambayar kaina wa zai sauka daga katanga in dubana bai ci ba.